Ranar da Baffanku Ya Tare Babanku a Bakin Kanal

Tun kafin a kawo ni garin nan nake tsoron ruwa. A wajenmu, can gefen Dawakin Kudu, ruwa a rijiya yake, a ƙasa, an kewaye bakinsa, sai ka zura guga ka jawo shi da ƙarfinka kafin ya hau. Ranar da motar amarya ta hau gadar kanal na ɗaga mayafi kaɗan na leƙa, sai na ga ruwa yana tafiya shi kaɗai tsakanin bango biyu na siminti, ba damina ba, ba hadari, ga yara ƙanana suna guje-guje a bakinsa ba mai tsawata musu. Sai na fashe da kuka. Ƙawata da ke riƙe da hannuna ta zaci kukan rabuwa da gida nake yi. Ni kuwa abin da nake faɗa a raina shi ne, a nan zan haihu, a nan 'ya'yana za su koyi rarrafe.

Abba, da kai da Ummi nake. Ban tsufa ba balle a ce na zauna ba da tarihi, karatuna ma bai yi nisa ba, in kun ga kuskure ku gyara da kanku. Abin da ya zaunar da ni shi ne shekaranjiya, Abba, ka dawo daga Islamiyya kana buga gwangwani kana rera waƙar da yaran garin nan suke yi wa Baffanku Sale, wadda suke ce masa Mai Baƙin Ciki. Ka ga na ajiye ludayi na shige ɗaki, ka zaci kaina ke ciwo. Ko na faɗa maka yanzu ba za ka gane ba. Wata rana za ku iya karatu sosai, ni kuma ban san inda zan kasance ba a ranar. Shi ya sa nake rubuta muku. To ga yadda abin ya faru.

Kun san bayan ɗakina shi ke kallon filin ƙwallo. Tudu ne, ruwan rani ba ya hawa, shi ya sa aka bar wa samari. Bayan ragar gabas in ka ɗan yi gudu sai ka hau gaɓar kanal. Ban taɓa kallon wasa da idona ba, matar aure ba ta tsayawa a bakin fili. Da kunne na yi nawa kallon. 'Yar tagar nan da ke sama da gadona, ta nan wasa yake shigo mini, har na kai in na ji ihu na san wa ya taɓa ƙwallo.

A lokacin garinmu yana da 'yan wasan gaba biyu, kuma ciki ɗaya suka fito: babanku da ƙanensa Sale. In Sale ya ci, ihun gajere ne, kamar an zuba ruwa a kasko mai zafi, ya yi cuu ya lafa, sai tafi nan da can. An ce shi ba ya wahalar da kansa. Zai yi ta yawo a hankali kamar mai neman abin da ya yar, 'yan baya su manta da shi, sai kawai a gan shi inda ƙwallo za ta faɗo, ya sa gefen ƙafa ya tura ta raga, ya juya kansa a ƙasa ya koma tsakiya. Rigarsa in ya dawo gida ko wanki ba ta buƙata. Babanku kuwa sai ya zubar da dama a jere kafin ya ci ɗaya. Amma inda wani zai sa ƙafa, shi kai yake sawa. Gola ya fito da dunƙulallen hannu, shi ya shige. In ya ci, ƙasa har rawa take yi, kwanukana na jere su yi ƙara a jikin bango. Sannan sai Ya'u mai faci, wanda shi ne shugaban masu ihu, ya kifa jarkarsa ya fara kiɗa, gari duka ya ɗauka:

"Ruwa! Ruwa! Ruwa!"

Babanku zai zagaye raga da gudu, ya hau gaɓa, ya yi tsalle ya faɗa kanal da ka, da rigarsa da takalminsa. Ana yin shiru na ɗan lokaci, sai ya ɓullo yana furzar da ruwa, ihu ya sake ɓarkewa. An ce tun yana saurayi ya fara, wata rana da zafi ya ishe shi. Daga ranar abin ya zama dole. Suka sa masa Ɗan Ruwa. Wannan ɗan shirun da ake yi kafin ya ɓullo, a cikinsa na yi rayuwar aurena ta farko. Duk abin da ke hannuna sai na tsaya da shi, numfashina ma ya tsaya, sai na ji ihu na biyu sannan in ci gaba da tuƙa tuwo.

Bayan wasa maza sukan zauna a gindin darbejiyar da ke bayan ɗakina kafin a kira magariba. Ba su san ana jin su ba. Wata rana na ji Malam Isa tela, mutum mai sanyin magana, ya ce a bana dai Sale ya fi kowa ci.

"Ni ban ce ba ya ci ba," in ji Ya'u. "Yana ci. Akuya ma in ka ɗaure ta a bakin raga, wata rana ƙwallo za ta buge ta ta shiga."

Aka kwashe da dariya.

"To ba cin ake nema ba?" in ji Malam Isa.

"Haba Malam, ɗinki ka iya, bar mana wannan. Sale in ya ci kamar an aike shi ne ya kai saƙo ya dawo. Ko murmushi ba ya yi mana, sai ka ce bashinsa muka ci. Ɗan Ruwa kuwa in ya ci, ni na ci. Ranar da golan nan ya naushe shi a baki, wallahi nawa haƙorin ne ya kwana yana tsami."

"Naka ya yi tsami, nasa ya fita," in ji Malam Isa.

"Shi ya sa muke son sa!"

Na daɗe ina juya maganar nan. Mutanen nan wuni suke yi a duƙe cikin fangalin lambu, suna jiran ranar da za a sako musu ruwa, suna jiran tumatir ya nuna, suna jiran dillali ya faɗi abin da ya ga dama. Rayuwarsu duka haƙuri ce da jira. Sale kuwa da haƙuri da jira yake cin ƙwallo, wato kamarsu yake. Ina ganin ba sa zuwa fili don su ga irin kansu. Suna zuwa ne su ga mutum ɗaya wanda ba ya jira, ba ya lissafi, ba ya tsoron gobe. Na faɗa wa Inna, kakarku, muna tsince shinkafa. Ba ta ɗago kai ba ta ce:

"'Yar nan, ni na haife su duka biyun. Ɗaya ya iya, ɗaya yana ba da jikinsa. Mutane suna yaba wanda ya iya, amma wanda zai ji ciwo dominsu suke so. Ke dai ki riƙa ɗora ruwan zafi."

Ina ɗorawa kuwa. Ni ke gasa masa ƙafa, ni ke wanke tsagar gira da ruwan gishiri, ni ke shanya takalmin da ke warin taɓo. In na yi magana sai ya yi dariya. Ku sani, a gidan nan an riga an san ni da tsoro, kuma ba sharri aka yi mini ba. In jikinka ya yi ɗumi, Abba, sai na tashi gida duka. Na taɓa sa an farfasa tulin itace don na ga kamar wutsiyar maciji, ashe tsohuwar igiya ce. Ƙofar gida kuwa kullum da turmi nake tare ta don kada ka rarrafa waje. Saboda haka ranar da na ce wa babanku, wata rana fa za ka faɗa ka tarar ruwan ba kamar jiya yake ba, cewa ya yi:

"Ke Sahura, ko kaza ce ta yi tari sai kin ce annoba ta shigo gari. A kanal ɗin nan na koyi tafiya. Ya san ni, na san shi."

A ranin da nake ba ku labari, kai Abba ka fara tafiya kana dafa bango, Ummi kuma tana ciki, cikin ya yi nauyi. Wani dillalin tumatir ya sa kofi tsakanin ƙauyukan da ke shan ruwan kanal ɗinmu. Garinmu ya kai wasan ƙarshe, da 'yan ƙetare na ɓangaren Bunkure, kuma a filinmu za a buga. Mako guda ba a maganar komai sai wannan. Ya'u ya sayo sabuwar jarka. Yara suka rubuta Ɗan Ruwa da gawayi a bangon gidanmu.

Akwai 'yar kwatar da ke ɗauko ruwa daga kanal ta bi ta gindin katangarmu zuwa lambun kakanku. Tun zuwana da ƙararta nake barci, da ita nake tashi. Da asubar ranar wasan, na idar da salla ina zaune, sai na ji gidan ya yi wani iri. Na daɗe kafin na gane abin da ya ɓace. Kwatar ce ta yi shiru. Da gari ya waye yaran maƙwabta suka kawo mini ruwan wanki, na leƙa bokiti na ga ruwan ja, mai kauri kamar kunun kanwa. Ruwan kanal a rani garau yake, har kana ganin ƙasan bokiti. Na nuna wa Inna, ta ce wataƙila an rage ruwan ne daga can madatsa, ai sun saba. Na nuna wa babanku, ya ce in ruwan ya koma shuɗi in tashe shi. Sai ga Sale ya shigo shan koko.

"Matarmu, yau kuma me ya faɗo? Sama ce ko ƙasa?"

Haka yake tsokanata kullum, kun san wasan ƙanen miji. Ranar ban rama ba.

"Sale, don girman Allah ka bar wasa. Ka je ka dubo mini inda yayanka yake faɗawa."

"Ke da ba ki taɓa taka bakin kanal ba, ke za ki ba ni labarin kanal?"

"Ban taɓa takawa ba, amma kullum da shi nake kwana. Yau ba lafiya yake ba."

Ya kalli bokitin, ya kalle ni. Ya shanye kokonsa a tsaye ya fita. Da ya dawo wandonsa a jiƙe yake har ƙugu, jini yana bin ƙaurinsa, kuma babu dariya a fuskarsa. Kai tsaye ya wuce inda babanku yake zaune yana goge takalmi.

"Yaya, an rage ruwa cikin dare, bangon wajenmu ya zame. Wani ɓangaren siminti ya rufta ya tsaya a tsaye a cikin ruwa, da rodi a bakinsa. Daga sama ba a ganinsa saboda jan ruwan. Daidai inda kake faɗawa yake. Ka ga ƙafata, a hankali nake tafiya ya yi mini haka."

Babanku ya dubi ciwon da kyau. Ba wawa ba ne babanku, kada ku taɓa zaton haka.

"To na ji," ya ce. "Yau ba zan faɗa ba."

"Ka rantse," na ce.

"A kan ƙwallo zan rantse? Na ce ba zan faɗa ba. In na ci sai in yi sujada in tashi."

Na yarda har ransa ya faɗa. Amma ni na san abin da nake ji ta taga. Na san in jarkar nan ta fara, ba shi ke tafiyar da ƙafafunsa ba. Sale ya je ya kafa dogon kara a gaɓar don alama, ya kuma sami Ya'u a rumfarsa ya gaya masa kada a yi kiran ruwa yau. Daga baya na ji amsar da Ya'u ya ba shi a gaban mutane: "Ranar kofi za ka zo mana da wannan? In kana so a kira sunanka, kai ma ka koyi iyo." Karan kuwa, kafin azahar yara sun tuge shi suna wasan doki.

Da za su fita na tare Sale a soro. Ban taɓa riƙe rigar namijin da ba mijina ba sai ranar.

"Kada ka ba shi ƙwallo," na ce.

"Kin san abin da kike faɗa kuwa? Wasan ƙarshe ne fa."

"Ka ci da kanka. Ai ka iya. In bai ci ba, ba za su kira shi ba."

Ya yi 'yar dariya.

"Garin nan ba sa son ƙwallona, matarmu. Amma to."

Bayan la'asar aka busa usur. Inna ta shimfiɗa darduma a tsakar gida ta ɗauki carbi. Ni na zauna a bakin gado ƙarƙashin taga, na rungume ka a gefen cikina, Abba, kana ta mutsu-mutsu kana son sauka. Ban taɓa jin taro irin na ranar ba, har kan katangarmu mutane suka hau. Ba a daɗe ba na fara jin abin da na roƙa yana faruwa. "Ba shi! Ba shi mana! Ga Ɗan Ruwa a fili!" Sai tsaki, sai zagi. "Sale, kai kaɗai aka haifa?" Duk zagin da aka yi masa ina jin sa, ina kuma cewa Allah ya ƙara. Can sai na ji gajeren ihun nan, cuu, da tafi. Sale ya ci. Na sauke numfashi, na ce Ya Allah a tashi haka. Bayan hutu 'yan ƙetare suka rama, na ji murnarsu daga can nesa kamar ta wani gari. Daga nan fili ya rikice. Rana ta yi ƙasa, hasken da ke shigowa ta taga ya koma ja. Ina ta roƙon Allah a busa tashi, ko mu ne za mu rasa kofin. Ina jin ni kaɗai ce a garin nan nake roƙon haka.

Sai na ji ƙarar ƙwallo ta daki turken raga, ƙwal. Sai wani irin numfashi da mutane suka ja gaba ɗaya. Sai ƙasa ta girgiza, faranti ɗaya ya faɗo daga jerena ya yi ta juyi a ƙasa. Ba sai an gaya mini wa ya ci ba. An ce Sale ne ya buga ta daki turke ta dawo, babanku ya yi sufa ya sa mata kai tsakanin ƙafafun mutane.

Jarka ta fara.

"Ruwa! Ruwa! Ruwa!"

Na ce a raina ya yi alkawari, zai yi sujada. Amma kiran ba tsayawa yake a wuri ɗaya ba, tafiya yake yi, yana matsawa gabas, yana ƙara sauri. Ta haka na san yana gudu. Inna ta miƙe tsaye a kan darduma da carbi a hannu. Kiran ya kai inda ya saba kaiwa, sai ya yanke. Ba irin shirun da na sani ba ne, wanda ake yi da murmushi ana jiran mutum ya ɓullo. Wannan kamar an toshe bakin gari ne da hannu. Ban ji faɗawar ruwa ba. Sai wata mace daga kan katanga ta ce innalillahi.

Ban san lokacin da na ture turmin ƙofa ba. Ba mayafi, ba takalmi, kai a kafaɗata, ciki a gaba, na ratsa ta cikin maza ina ture su. Abin da nake gani a idona kawai shi ne rodi da jan ruwa. Da na isa gindin gaɓa sai na gan shi a kwance a ƙasa, a busasshiyar ƙasa, rigarsa ba ɗigon ruwa, ya riƙe gwiwarsa da hannu biyu yana ihu kamar ana yanka shi. Ƙafar ta juya inda ƙafa ba ta juyawa. Yana ihu, wato yana da rai. Na durƙusa na ce alhamdulillahi da ƙarfi, na sake faɗa, na sake faɗa. Mutanen da ke wajen suka kalle ni kamar na zautu.

Abin da ya faru shi ne, da babanku ya zagaye raga, Sale ya bi shi yana kiran Yaya, Yaya, amma wa zai ji? Mutumin da aka ce ba ya gudu, ranar ya yi gudun da ba a taɓa ganin ya yi ba. Saura kaɗan babanku ya hau gaɓa, Sale ya yi tsalle ya rungume ƙafafunsa ta baya, suka zube tare. Jama'a ba su ga siminti ba, ba su ga rodi ba. Abin da suka gani shi ne ƙane ya hana wansa ƙwallo tun farkon wasa, da wan ya ci kuma ya bi shi ya karya shi. Ina durƙushe na ji wata hayaniya a gefe, na waiga na ga mutane sun yi da'ira, ƙafafu suna hawa suna sauka. Sale ne a tsakiya. Bai rama ba, kansa kawai ya rufe. Inna ce ta iso, tsohuwa da carbinta, ta kutsa ta kwanta a kansa ta rufe shi da jikinta.

"Ku haɗa da ni," ta ce. "Ni na haife shi. Ku taka."

Sannan suka ja da baya.

An kai babanku wajen mai ɗori, daga baya aka kai shi asibiti a Kura. Gwiwar ta warke yadda kuka san ta, yana noma, yana hawa babur, amma ba ta sake gudu ba. Yana kwance aka rufe ruwa gaba ɗaya don gyara. Inna ta ce in sa mayafi in biyo ta. Ranar na fara tsayawa a bakin kanal da ƙafata. Ruwan ya janye, sai taɓo da ƙananan kifaye suna tsalle. Ga simintin nan a tsaye, ya kai ƙirjin mutum, bakinsa kaca-kaca, rodi sun fito daga jikinsa sun kalli sama. A kan gaɓa kuma, daidai saitinsa, ga wurin da ciyawa ta mutu saboda takun babanku na shekara da shekaru. Na zauna a ƙasa. Ya'u yana wajen, ya harɗe hannu a baya yana kallo. Na ce to, shi ke nan, gaskiya ta fito.

Da yamma na ji muryar Ya'u a gindin darbejiya.

"Ɗan Ruwa fa? Tsallake shi zai yi. Ai ya san ruwa. Da an bar shi, da mun ga abin da ba a taɓa gani ba."

Malam Isa ya ce, "Da kun gani kam."

Cikin 'yan kwanaki aka gyara bangon, aka sako ruwa, ya rufe komai. Abin da ya rage shi ne hoton bidiyon da wani ya ɗauka a waya, wanda har yau yake yawo, na san za ku gan shi in ba ku riga kun gani ba. A ciki ana ganin gudu, ana ganin kayarwa, ana jin ihun babanku. Ruwa ba ya ciki. Wanda ya ɗauka bai juya wayar gabas ba.

Babanku bai ga simintin da idonsa ba, amma ya ga ƙaurin Sale da safiyar ranar, kuma Inna ta gaya masa abin da muka gani. Bai taɓa cewa ƙarya ne ba. Bai kuma taɓa fita gindin darbejiya ya ce ku bar ƙanena ba. Wata rana ina shafa masa man zafi na tambaye shi dalili. Ya kalli rufin ɗaki ya ce:

"Na sani, Sahura. Na san abin da ke cikin ruwan. Ina gudun ma na sani. Amma ke ba ki taɓa jin gari guda yana kiran ki ba."

"Na ji ana kiran ka," na ce. "Ta taga. Kowane kira ji nake kamar na ƙarshe ne."

Ya juya fuskarsa bango. Har yau in ya bi ta kasuwa ana ce masa Ɗan Ruwa, ana miƙo masa shayi, ana cewa da ba don baƙin ciki ba da yanzu a talabijin ake kallonsa. Ina ganin wannan kaɗai ya rage masa na wancan lokacin, shi ya sa ya kasa buɗe baki ya rushe shi. Ban ce ku ƙi shi a kan haka ba. Ubanku ne, kuma yana da rai, ni na san abin da hakan yake nufi.

Sale kuwa kunnensa na hagu bai sake ji ba tun dukan ranar. Kafin a haifi Ummi ya tattara ya koma Garun Malam, yana lodin kayan gwari a bakin titi. Bai sake taɓa ƙwallo ba. Da salla yake zuwa, ya shige ɗakin Inna, su gaisa da babanku a tsaye, kafin la'asar ya tafi don kada ya haɗu da 'yan fili. Sau ɗaya na tambaye shi abin da ya gani lokacin da ya bi babanku da gudu. Ya juyo mini da kunnen dama, na maimaita.

"Bayansa na gani yana tafiya," ya ce. "Sai na ga kamar a makara ake fita da shi, mutane suna tafi." Sannan ya yi murmushi. "Matarmu, yau me ya faɗo?"

Tsoron bai bar ni ba, sai ma ƙaruwa. Yanzu wani yaro ne daga unguwar yamma yake faɗawa kanal in ya ci, jarka tana nan, ni kuma ina nan ƙarƙashin taga ina riƙe numfashi saboda ɗan wata. Kai kuma, Abba, rannan na gan ka ka hau turmi ka yi tsalle cikin bahon wanka kana cewa ruwa, ruwa. Ya'u in ya gan ka a hanya Ɗan Ruwa Ƙarami yake ce maka, kai kuma kana washe baki. Ƙafar babanka ce da kai, kowa ya faɗa. Ba zan iya tare ka da turmi har abada ba.

Ga abin da nake roƙo. Abba, in ka girma ka shiga fili, gari ya fara kiran ka, ka tuna ba su ne za su kwana da ciwon ba. Waƙar nan kuma kada in sake jin ta a bakinka, in ka ji wani yaro yana yi ka gaya masa abin da ke cikin ruwan. In Baffanku ya zo da salla, kada ku bari ya shige ɗakin Inna shi kaɗai. Ku tare shi tun daga soro, ku karɓi jakarsa, ku durƙusa ku gaishe shi, ku ce masa kun san abin da ya yi. Ku tsaya ta damansa in za ku faɗa, wannan kunnen ne yake ji.